Rabin Fuskar Tahiru

Saura kaɗan in bar wannan babi ban rubuta ba. Sau biyu ina ɗaukar alƙalamin bik ina ajiyewa, domin mutanen da ke cikinsa suna nan a Filinge, ranar Lahadi ma wurin mai tumatir ɗaya muke tsayawa. Mai labarin ce ta ce mini, "Rubuta. Abin da na yi, gaban kowa na yi shi." To, ga shi.

Shekarar da sojoji ke shirin mayar da mulki hannun farar hula ce, an gama yankan gero. Da safiyar Lahadi Haske na durƙushe a zaure, Baba Magagi na tsaye a kanta yana nuna bango da sandarsa. Babu komai a wurin sai ƙusa.

"Ina ɗan'uwana?"

Bai ce hoto ba. Bai taɓa ce masa hoto ba. Tun da Tahiru, mahaifin Haske, ya rasu shekara tara da suka wuce, wansa Magagi ke riƙe da gidan, kuma kowace safiya sai ya tsaya gaban ƙusar nan ya yi wa ƙaninsa addu'a kafin ya fita. Duk duniya babu wani hoton Tahiru sai wannan.

"Baba, ruwan damana ya shiga bayan gilashin. Huskar tana narkewa. Na kai a gyara."

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Wurin wa kika kai?"

Haske ta kafa idonta a ƙasa. Ai ya sani. Hamani ne, mai hoto ɗan garin Damana, wanda ya shekara biyu yana neman aurenta, tsohon yana cewa ba zai ba da ɗiyar ƙaninsa ga wanda ba shi da ko dami ɗaya a rumbu ba. Shi Mushe Ibrah yake so, wato Malam Ibrah a bakin masu Faransanci, sakataren wani ofis, mai moto da takalmi sau-ciki. Sai da Inna Habsa, mahaifiyar Haske, ta yi shekara guda tana lallashi kafin ya yarda manyan Hamani su zo ranar Alhamis a ji ta bakinsu.

"Jiya Ibrah ya leƙa shagon yaron," in ji Baba Magagi. "Ya ce takardar ta manne ga gilashi, ta ɗaye. Ya ce ɗan'uwana yanzu cikin akwatin ƙarfe yake, akwatin kuma ya ƙi buɗewa. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baba. Amma kahin ta ɗaye ya riga ya kwahe ta cikin..."

"Ba ni son amma. Gobe kahin rana ta take tsaka, in huskar Tahiru ba ta koma bisa ƙusar ga cikakkiya ba, ki aika Damana su zauna gidansu. Wanga yaro ba shi taka gidana, ni kuma ƙahwata ba ta taka shagonai."

Ya buga sanda ya fita.

Tana shiga ɗaki ta tarar da Inna Habsa zaune bakin gado, hawaye ya jiƙa mata gaban riga.

"Shekara guda, Haske! Shekara guda ina bin tsohon ga kamar mai son kama zabuwa, kin zo kin watsa da hannunki. Ke da ko gaisuwa ba ki ɗaga ido, ina kika samo zuciyar cire hoto bisa bango?"

"Inna, kullum ina kallo ubana na mutuwa karo na biyu, kowa na wucewa. Kunnenshi ya tahi, kumatu ya tahi. Sai in jira ido ya tahi?"

"Ki je ki ba Ibrah haƙuri. Ya ce shina da hanya a Yamai."

"Mi na yi mishi?"

"Ɗiyata, ki bi a hankali."

"Shekara biyu ina bi a hankali, Inna. Ga inda ya kawo ni."

Ta share fuska da gefen zane, ta ja mayafi.

Kasuwa ta cika maƙil. A ƙofar shagon Hamani mutanen Sanam da Tabla sun jeru a benci, wasu a ƙasa, kowa na jiran hoton katin shaida saboda zaɓe mai zuwa. Ya ɗauke su tun safe, amma babu wanda ya karɓi nasa, domin sai lojisiyel, wato manhajar gyaran hoto, ya tashi ake yanka fuska a jera ta huɗu a takarda.

Haske ta ratsa su kanta a sunkuye.

Hamani na zaune gaban ordinata, wato kwamfutarsa, ya cire mata murfin gefe, hanjinta a waje. Idonsa ya yi ja.

"Fofo, Haske."

"Mai hoto, ina aka kwana?"

"Inda aka yini jiya. Zo ki gani."

Ya danna. Hoton buɗewa ya fito, ƙananan rubutu suka yi ta gudu a ƙasansa, sai suka tsaya cik. Wani farin akwati ya bayyana da jan tambari. Aji uku kawai Haske ta yi a lakkwal, amma ta matso ta haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya.

"Mé... moire... insuffisante. Mi ke nan?"

"Wai wurin aikinta bai isa ba." Ya juyo. "Kin san in za a sheƙe hatsi, tabarma ake shimfiɗawa. Na'urar ga tabarmarta ƙarama ce. In kaya sun yi mata yawa sai ta ari wuri cikin rumbu. To, hoton Baba na kwahe shi da girman da ban taɓa kwahe wani ba, don kada ko gashin gira ya ɓace. Shi ya cika tabarma. Rumbun kuma mutanen zaɓe sun cika shi har baki."

"Mi ka gwada?"

"Na kashe na kunna ya hi sau goma. Na ruhe ƙananan abubuwan da ke tashi tare da ita. Na cire wagga." Ya nuna mata wata siririyar ɓallar kore mai haƙoran zinariya. "Baret sunanta, ita ce tabarmar. Na goge haƙoranta da gom, na mayar. Lahiyarta lau, ƙanƙanta ce laihinta. Babba sai Yamai."

"To, ka rage kayan rumbun mana."

Hamani ya girgiza kai.

"Ba ni goge mutum, Haske."

"Ko wanda ya karɓi nashi ya tahi?"

"Watan jiya wata mata ta zo daga Sanam. Mijinta rijiya ta rufta da shi. Shekara ukku da suka wuce na ɗauke shi hoton kati, shi ke nan abin da ya bari. Na samo mata. Da na goge fa? Duk wanda ke ciki uban wani ne. Wurin ƙona faifan CD ya mutu tun bazara, kile ɗina, 'yar ma'ajiyar da ake soka ma na'ura, kuma cike take da mutanen yau."

Haske ta dube shi. Wannan taurin kan ne ya sa ta so shi, yau kuma shi ke neman raba su.

Ƙarar moto ta tsaya a ƙofa. Ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa.

"A'a! Har yanzu gawar ba ta tashi ba?" in ji Mushe Ibrah, yana kaɗa makulli a yatsa. "Matsa, ɗan Damana, ka ga yadda masu ofis ke yi."

Bai jira izini ba ya ja kujera. Ya danna, farin akwatin ya fito. Ya sake dannawa da ƙarfi, ya sake fitowa.

"Danna da ƙarhi, Mushe, ƙila kurma ce," in ji Hamani.

Wani tsoho a benci ya yi dariya har da tari.

"Maganinta guda," in ji Ibrah, ya ɓata rai. "A formate. A share komi, ta dawo sabuwa."

"Har da ubana?" in ji Haske.

Ibrah ya juyo da murmushi, ya zaro wata 'yar kile mai sheƙi daga aljihu.

"Shi ya kawo ni, ƙanwata. A zuba mini marigayi nan. Yau in ba direban kar, babbar motar hwasinja, Laraba ya dawo daga Yamai cikin firam mai ruwan zinariya. Ni zan roƙi Baba ya ƙara kwana biyu, ba shi musa mini. Can ƙwararru ne. Za su sa mishi kwat, su haskaka shi, su share tsagar nan ta mutanen da, ya hito sumul kamar minista."

"Su share mi?"

"Tsagar. Wa ke yayinta yanzu?"

"Mutumin da ba shi da tsaga ba ubana ba ne, Mushe. Mayar da abinka aljihu."

Ibrah ya juya ga na'ura don ya ɓoye fuskarsa, ya yi ta buɗe-buɗe ba gaira ba dalili. Can sai ya tsaya. Ya yi wata 'yar dariya.

"To, to, to. Ga ɓarawon da ya cika rumbu."

Wata jaka ce a allon, an rubuta HASKE a ƙarƙashinta. Ya buɗe. Hotuna suka zubo jere-jere, ba iyaka. Haske a bakin keken ɗinkinta. Haske ranar sallar layya da shuɗin leshi. Haske a bikin ƙawarta, har da bidiyo mai tsawo. Shekara biyu cur.

"Wagga kaɗai ta ci wurin ƙauye ukku," in ji Ibrah. "Bari Baba Magagi ya ji abin da ake tarawa da ɗiyarshi a bayan kasuwa."

Hamani ya miƙe. Haske ta riga shi magana.

"Tahi ka gaya mishi. Babu guda da aka ɗauka ban sani ba, babu guda da kaina ba ruhe ba. In moto ɗinka ba mai, ga kabu-kabu nan bakin hanya."

Ita kanta ba ta san daga ina maganar ta fito ba. Ibrah ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya suri makullinsa ya fice.

Ta zauna a kujerar da ya bari.

"Gaskiya ya hwaɗi? In an cire wagga jakar, wuri ya samu?"

Hamani ya kau da kai.

"Ka sani tun jiya," ta ce.

"Na sani."

"Shi ne ka bar ni na sha faɗa wurin Baba?"

"Haske, duk ranar da tsohon ya koro ni, nan nake zuwa in buɗe. Shekara biyu su suka riƙe ni. In ya hana ni ke gobe, su kaɗai za su rage mini." Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. "Ki ce in sayar da kamara, in sayar. Kada ki ce in goge ki."

Ita ma nata suka zubo.

"Ashe har ka shirya rasa ni. Ka yi guzuri."

"Ba haka ba ne..."

"Haka ne. Matar Sanam mijinta ya mutu. Ni ubana ya mutu. Ni fa? Ga ni zaune gabanka ina numfashi, kana riƙon hotona kamar na gawa. Ba ni son mijin da ya yarda da inuwata. Nuna mini inda ake dannawa."

"Haske..."

"Ka ce ba ka goge mutum. To, ba kai za ka goge ba."

Ya dube ta. Sannan ya nuna mata maɓallin da ɗan yatsa, ya juya baya.

Ta danna. Jakar ta ɓace.

Da sauri ta kai kibiyar allon kan lojisiyel yadda ta ga yana yi. Rubutu suka yi gudu, suka tsaya. Farin akwati, jan tambari.

Ta juyo da sauri.

"Hamani! Na goge a banza!"

"Ba ki goge ba tukuna," ya ce a hankali, bai juyo ba. "Suna cikin kwandon shara. Nan ƙasa, gehen hagu. Har yanzu ana iya maido su. In kika zubar da kwandon, shi ke nan."

Da ya so, da ya yi shiru. Ta san haka.

Na'urar ta yi mata tambaya da Faransanci, ta gane kalma ɗaya, *Oui*. Ta ce bismillahi ta danna. Wani kore-koren layi ya ja jiki a hankali har ya kai ƙarshe.

"Yanzu kashe ta ki kunna," in ji shi.

Suka jira. Mutanen benci sun taso sun cika ƙofa. Rubutun ya fara gudu, ya kai inda yake tsayawa, ya ɗan yi jim.

Ya wuce.

Allon ya buɗe, sai ga Tahiru yana kallonsu, da hularsa a karkace yadda ya saba. Haske ta toshe baki da mayafi.

"Allahu akbar," in ji tsohon benci. "Wanga ai Tahiru ne na gidan Magagi."

Sai da Hamani ya sallami mutanen kati kafin ya zauna kan aikin. Har la'asar yana bi ɗigo-ɗigo. Ya cire tabon ruwa daga goshi, ya maido kunne, ya gyara wuyan riga. Amma kuncin hagu fari ne fat, babu abin da ruwa ya bari.

"In kwahi na dama in juya shi," ya ce. "Haka ake yi."

"A'a. Tsagar gidanmu ba daidai take ba. Ta hagu ta hi yawa, kuma akwai wata gajera da ta gitta."

"Nawa ce? Daga ina ta hwara?"

Haske ta runtse ido. Shekararta goma sha huɗu ya rasu, ita kuwa ba a yi wa sa'o'inta tsaga ba.

"Ban riƙe ba."

"Ba ni zana huskar mamaci da ka, Haske. Sai na ga irinta da idon kamara."

Mutum ɗaya ne ya rage mai irinta, Baba Magagi. Wanzami ɗaya ya yi musu, shi da ƙaninsa, har mutane kan kira wannan da sunan wancan.

"Buga mini shi haka," ta ce.

"Da rabin huska?"

"Awo."

Ta tarar da Baba Magagi a zaure kan buzunsa, rana ta yi ja. Sawun tayar moto na nan a ƙofar gida, sabo.

"An ce akwatin yaron ga cike yake da ke."

"Ɗazu, Baba. Yanzu babu ko guda. Ni na zubar da su da hannuna don Babana ya samu wuri."

Ta durƙusa ta ajiye takardar a gabansa.

Tsohon ya ɗauka. Ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita. Leɓensa ya motsa. Rabon da ya ga idon ƙaninsa tar haka tun kafin damana uku. Sai babban yatsansa ya sauka kan farin wurin.

"Cikakkiya na ce."

"Sauran na wurinka, Baba."

"Wurina?"

A nan Haske ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta. Ta ɗaga kai ta dubi Baba Magagi cikin fuska. Ta kai idonta kuncinsa na hagu, ta ƙirga a fili.

"Ɗaya, biyu, ukku, huɗu, biyar. Ga gajerar nan ta gitta ta biyu."

Inna Habsa da ke laɓe bayan ƙyaure ta saki salati.

"Ke! Ni kike ƙirgawa kamar ragon kasuwa?"

"Mushe Ibrah ya ce a kai Yamai a share su, ya hito kamar minista. Hamani ya ce ba shi ƙara layi guda da ka, sai ya ga naka. Ka zaɓi wanda zai taɓa huskar ɗan'uwanka. In ka ce Damana su zauna, su zauna. Amma kada gobe a ce na'ura ta hana. Na'ura ta buɗe."

Hawaye na zuba, ba ta sauke ido ba.

Baba Magagi ya shafi kuncinsa kamar yau ya san da shi. Sannan fuskarsa ta sake ɗaurewa.

"Na ce ba shi taka gidana. Na ce ba ni taka shagonai. Ban taɓa maida magana ba, ba kuma ɗiyar ƙanina za ta koya mini ba."

Aka kira magariba. Ya tashi ya ɗauki buta. Amma takardar bai bar ta a ƙasa ba, ya sa ta a aljihun gaba.

Washegari, ana idar da sallar asuba gari ya fara haske, Haske ta nufi kasuwa. Ta dawo da shuɗin ƙyallen da ake ratayawa bayan wanda za a ɗauka hoto a naɗe bisa kai, kujerar ɗaukar hoto a hannu. Ba ta shiga gida da su ba. A bakin hanya ta ajiye kujerar, gindin bishiyar bedin da ke fuskantar zaure, inda ba gidan kowa ba ne, ba kuma shagon kowa ba. Hamani ya tsaya tsallaken hanya da kamara a wuya, kamar mai jiran hukunci.

Ta shiga ta ɗauko hular Juma'ar Baba Magagi, ta kaɗe ta, ta ɗora kan kujerar. Babu inda za a rataya ƙyallen, don haka ta ware shi da hannu biyu ta tsaya a bayan kujera.

Maƙwabta suka fara leƙowa. Hannuwanta suka fara sanyi. Ba ta sauke ba.

Can sai ga ƙarar sanda a zaure.

Baba Magagi ya fito. Ya dubi kujera, ya dubi hula, ya dubi ƙasar da aka ajiye su. Ya auna tazarar da ke tsakaninta da dokin ƙofarsa. Wani abu ya motsa a gefen bakinsa, ya danne.

Ya sa hular, ya ɗan karkata ta. Ya zauna.

"Ki gaya ma yaron ga ya yi sauri," ya ce, bai dubi kowa ba. "Rana na hawa."

Ya juya kuncinsa na hagu.

Hamani ya tsallako hanya, ya durƙusa, ya ɗaga kamara. Hotunan Haske fiye da dubu ya taɓa ɗauka, duk cikinsu babu wanda ta yarda ta dube shi. Ita kuwa ta ƙara ɗaga ƙyallen, ta leƙo ta samansa, ta kafa idonta tsakiyar gilashin kamarar, ba ta ƙifta ba.